An Ɗebi Ƙasar Gonarmu, Ina Sakamakon?

Makonni biyu da suka wuce na je gida, wani ƙauye a ƙasar Minjibir, domin duba yayana da ya yi fama da ciwon ƙafa. Lokacin kai taki ne. Tun daga bakin titi gonaki sun cika da 'yan tsibi-tsibin taki, a jere kamar an auna da igiya. Ga jakuna da mangala, ga amalanken shanu, ga kuma 'yar ƙurƙura wadda a yanzu take neman raba jaki da sana'arsa. Baƙon da bai san yankin ba zai yi mamakin yadda gona take manne da gona, babu daji, babu saura, sai burtali mai shingen aguwa, da gawo da ɗorawa da tsamiya a tsakiyar gonakin, kowace bishiya da mai ita.

Bayan La'asar muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida, sai ɗan yayan nawa, wanda yake shekarar ƙarshe a fannin aikin gona a wata babbar makaranta, ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Baffa, dubi abin da ya tsayar da ni." Kundin kammala karatunsa a kan takin gargajiya da ƙarfin ƙasa yake, kuma ya gano wata maƙala da aka rubuta a kan gonakin ƙasar Kano ɗin nan tamu. An bar masa tsakure, layi goma sha wani abu, ya karanta. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa mai son sauran ya biya kusan dala arba'in. Muka lissafa a canjin yau, muka ga kuɗin ya haura na buhun yuriya.

Yaya yana kishingiɗe a kan tabarma yana jin mu. Ya ce, "Wace irin takarda ce wannan mai tsadar taki?" Yaron ya ce, "Baba, bayani ne a kan yadda ake takin gona a nan ƙasarmu." Yaya ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ashe dai sun rubuta. Ai na sha ganin su. Su zo da mota, su ɗebi ƙasa a leda, su auna harawa da sikeli, su ƙirga awaki, mu dama musu fura. Kowanne sai ya ce zai dawo da sakamako." Sannan ya juyo ya dube ni, ya ce, "Har da wani na gida." Na sunkuyar da kai. Zan zo kan wannan.

Abin da Yaya ya faɗa ba ƙari ba ne. Da wuya a samu wani yanki na karkara a Afirka ta Yamma da masana suka yi wa rubdugu kamar wannan kewayen na birnin Kano. Tun a 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa ƙasar ya yaba albarkarta. A 1965 Michael Mortimore, wanda a lokacin yake koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin daga baya ya koma Jami'ar Bayero, ya fitar da wani nazari tare da abokin aikinsa a kan ƙasa da jama'ar wannan yanki mai cunkoso. Polly Hill ta zauna da mutanen Dorayi ta rubuta littafinta da ya fito a 1977, tana kwatanta karkarar Kano ta 1900 da ta 1970. Dorayin da ta sani gonaki ce, yau birni ya haɗiye ta. A farkon shekarun 1990 Frances Harris ta bi manoman Tumbau a ƙasar Gezawa, tana auna abin da yake shiga gona da abin da yake fita daga cikinta. Ga kuma cibiyar IITA mai gonar gwaji a nan Minjibir, inda aka yi shekaru ana aikin inganta irin wake.

Me suka gano? A taƙaice, sun gano abin da ya ci karo da zaton manyan masana na wancan zamani. An yi ta hasashen cewa idan mutane suka yi yawa a ƙasa mai ƙarancin ruwan sama, kuma aka daina barin gona ta huta, to ƙasar za ta mutu, hamada ta cinye ta. Sai ga manoman Kano suna noma gona ɗaya kowace damina, shekara da shekaru, ba ta mutu ba. Sirrin yana cikin abin da kowane yaro a ƙauyenmu ya sani ba tare da ya san ilmi ba ne: a ɗaure dabbobi a turke da damina, a ciyar da su harawar wake da ta gyaɗa, a tara kashinsu da tokar murhu da sharar gida, a mayar gona da rani; a haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya, waken yana ƙara wa ƙasa ƙarfi; a bar gawo, wanda yake zubar da ganyensa da damina ya bar shuka ta sha rana; a sayo sharar birni a kan jakunan da suka kai itace. Har ƙurar hunturun da muke tsinewa an lissafa ta a cikin abin da yake ƙara wa gona sinadari. Wannan darasi ya zaga duniya. An koyar da shi a jami'o'in Ingila da Amurka, an kafa hujja da shi a tarukan yaƙi da hamada, mutane sun zama farfesoshi a kansa. Amma jikan wanda aka auna harawarsa, in yana son karanta wani ɓangare na labarin, sai an nemi dala a hannunsa.

Kada mai karatu ya ɗauka masu binciken ne suke cin kuɗin. Tsarin ya fi haka ban mamaki. Masani yakan yi bincike da kuɗin gwamnati ko na masu ba da tallafi. Ya rubuta maƙala ya miƙa wa mujalla, ba a biyan shi ko kwabo. Mujallar ta aika wa wasu masana biyu ko uku su tantance, su ma galibi ba a biyan su. In an karɓa, sau da yawa marubucin yakan sa hannu ya sallama haƙƙin mallakar rubutun. Daga nan kamfanin ɗab'i ya kulle, ya sayar wa ɗakunan karatu na jami'o'i, har da jami'ar wanda ya rubuta. 'Yan kamfanoni ƙalilan, irin su Elsevier da Springer Nature da Wiley da Taylor & Francis, su ne suke riƙe da kaso mai tsoka na mujallun kimiyya na duniya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Turawan ma abin ya ishe su, kuma daga cikinsu mafita ta fara ɓullowa. A 1991 wani masanin kimiyyar fiziya mai suna Paul Ginsparg, yana aiki a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka, ya buɗe wata kwamfuta inda abokan sana'arsa za su riƙa ajiye maƙalunsu tun kafin mujalla ta buga, kowa ya ɗauka kyauta. Wannan shi ne rumbun da aka sani da arXiv, wanda ya koma ƙarƙashin Jami'ar Cornell a 2001, kuma a yau maƙalun da ke cikinsa sun haura miliyan biyu. A nan ne Grigori Perelman, wani masanin lissafi ɗan Rasha, ya ajiye maƙalu uku tsakanin 2002 da 2003 waɗanda suka warware wata matsalar lissafi da ta gagari masana kusan shekara ɗari. Bai kai su wata mujalla ba. Ya zuba a rumbu, duniya ta zo ta duba ta tabbatar. Bayan arXiv sai wasu suka biyo sahu: bioRxiv na masu nazarin halittu a 2013, AfricArXiv na binciken da ya shafi Afirka a 2018, medRxiv na likitoci a 2019. Jami'o'i kuma suka shiga gina nasu rumbunan, musamman bayan wata sanarwa da aka fitar daga birnin Budafes a 2002 mai kira da a buɗe sakamakon bincike ga kowa.

Ni wannan tunani bai zo mini a matsayin baƙo ba. Malamanmu na zaure ba su san littafin ilmi da kwaɗo ba. Almajiri yakan ari littafi a wurin malami, ya zauna da tawada da alƙalamin kara ya kwafe, ya mayar, wani ma ya ara a wurinsa. Ta haka rubuce-rubucen malaman Sakkwato da na Katsina da na Borno suka isa Agadas da Salaga ba tare da injin ɗab'i ba. Mai hali kuma yakan yi waƙafin littattafai ga masallaci ko makaranta. Abin da intanet ta ƙara shi ne ta sauƙaƙe wahalar kwafa.

A daren nan muka zauna da yaron a inda sabis ya fi kamawa, wato bayan masallaci kusa da tankin ruwa, muka shiga nema. Abin da muka samu ya fi abin da na zata. Gajeren bayanin binciken Tumbau da cibiyar IIED ta Landan ta buga a 1996 yana nan a shafinta, kyauta. A rumbun CGSpace, inda cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa suke ajiye ayyukansu, akwai rahotannin IITA masu yawa a kan wake, da ƙuduji, da tsarin nan na shuka layi biyu na hatsi da layi huɗu na wake da aka gwada tare da manoman Kano. ICRISAT, mai aikin gero da dawa da gyaɗa, ita ma tana da nata rumbun. A AJOL, dandalin mujallun Afirka da aka fara a 1998, ya sauke maƙalu daga mujallar kimiyya ta Jami'ar Bayero. Sannan ga Kubanni, rumbun Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka raɗa wa sunan rafin da ya ratsa Samaru, cike da kundayen digiri na biyu da na uku. Kafin cajin wayarsa ya ƙare ya tara abin karantawa na wata guda. Maƙalar dala arba'in ɗin kuwa, na ba shi shawarar ya rubuta wa marubucinta wasiƙa ya roƙa, domin yawancin masana murna suke yi in an nemi aikinsu.

To, ashe matsala ta ƙare? Ina!

Da farko dai, buɗaɗɗen rumbu ba ya rantsuwa a kan ingancin abin da aka zuba masa. Rumbunan irin su arXiv da bioRxiv sukan duba cewa abin da aka kawo ya yi kama da aikin ilmi, amma wannan dubawar ba ta kai tantancewar ƙwararru ba. Ɗanyar maƙala ce, kamar irin da ba a gwada shi a gona ba: yana iya zama nagari, yana iya ƙin tsirowa. A ƙarshen Janairun 2020 an ɗora wata a bioRxiv mai da'awar wai ƙwayar cutar korona tana da kamanni na ban mamaki da ƙwayar cutar ƙanjamau. Masana suka yi mata ca, cikin 'yan kwanaki masu ita suka janye ta. Amma kafin nan masu yaɗa jita-jita sun riga sun ɗauka sun yi gaba. A ƙasar da saƙon WhatsApp yake zama fatawa kafin gari ya waye, wannan abin tsoro ne. Na gaya wa yaron: duk abin da ka sauke, duba ko an tantance shi, duba wa ya rubuta, a ina aka yi gwajin, damina nawa aka yi ana yi. Gwajin damina ɗaya a ƙasarmu, inda ruwan bana ba ya kama da na bara, labari ne kawai.

Na biyu, kamfanonin ɗab'in ba su yi barci ba. Da suka ga duniya ta nace sai an buɗe, sai suka ce to, mai karatu ya karanta kyauta, marubuci ya biya. A 2021 mujallar Nature ta sanya yuro 9,500 a kan kowace maƙala ga mai son a buɗe tasa. Malamin jami'ar Najeriya ya lissafa wannan da albashinsa. An cire kwaɗon daga ƙofar shiga an mayar da shi ƙofar fita: da ba ma iya karantawa, yanzu ba ma iya bugawa. A tsakanin nan kuma 'yan damfara suka samu kasuwa, mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga ko mene ne cikin mako guda, malamai masu neman ƙarin girma suna ta zuba musu. Wannan ya sa na fi ganin amfanin rumbun jami'a da na fanni a gare mu, domin ba a biya a ajiye, ba a biya a ɗauka.

Amma babban abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya namu ne na gida. Jami'ar Jos ta buɗe rumbunta tun a 2009, wasu suka bi. Sai dai a yawancin manyan makarantunmu, kundayen ɗalibai suna nan jibge a ɗakunan ajiya na sassa, ƙura da gara da yoyon damina suna rabon su. Dubban matasa sun shiga ƙauyukan Bichi da Dambatta da Kunci da Makoɗa da Gezawa, sun yi tambayoyi, sun auna, sun rubuta a kan farashin hatsi a Dawanau, da cutar awaki, da rikicin gado a kan gonar da ta ƙanƙance har ba ta rabuwa. An ɗaure kundin da baƙin bango, an ba da maki, an rufe. Bayan shekara uku wani ɗalibi ya koma ƙauyen ya yi tambayoyin nan dai, dattawa su sake dama fura.

In ka tambayi dalilin ƙin ɗorawa, amsar da aka fi bayarwa ita ce tsoron satar rubutu. Ni kuwa na koyar tsawon shekarun da suka isa in san cewa ɓarawon kundi ya fi son duhu. Kundin da ke kulle a sito shi ne ake fitarwa ta bayan gida, a kai shagon buga takardu na bakin makaranta, a canza shafin farko da sunan ƙaramar hukuma, a miƙa a wata makarantar, ba mai ganewa. Wanda aka ɗora a rumbu da sunan mai shi da kwanan wata, duk wanda ya kwafa, bincike na minti biyu zai tona shi. Akwai wani dalilin da ba a faɗa a fili: wasu kundayen ba za su jure hasken rana ba, kuma wanda ya duba su ya sa hannu ya san haka. Wannan ma a ganina hujja ce ta a buɗe.

Ko da an ɗora komai, saura mataki guda, kuma shi ne wanda ya shafi Yaya. Duk abin da muka sauke a daren nan da Turanci yake, Turancin ma na masana. Rijiya ta bayar, guga ya hana. A 2021 ƙungiyar Masakhane, ta masana harshe da kwamfuta 'yan Afirka, ta ƙaddamar da aikin fassara maƙalu 180 daga AfricArXiv zuwa harsuna shida, Hausa tana ciki. Abin a yaba ne, amma 180 a cikin wannan teku ɗigo ne, kuma bai kamata mu zauna jiran wasu su fassara mana labarin gonarmu ba. Mun taɓa yin irin wannan aiki. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA a Zariya ta buga ƙananan littattafai da Hausa domin talaka. Cibiyar NAERLS tana da tarihin shirya bayanan noma domin malaman gona. Me zai hana jami'o'inmu, da Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da asusun TETFund mai ba da kuɗin bincike, su kafa sharaɗi: duk binciken da aka yi da kuɗin jama'a a ɗora shi a buɗaɗɗen rumbu, kuma duk wanda aka yi a ƙasar Hausa ya zo da shafi guda na Hausa mai bayyana abin da aka tambaya, abin da aka gano, da abin da manomi zai iya yi da shi? A ƙara da muryar minti uku da malamin gona na KNARDA zai iya turawa a waya ko a saka a rediyo. Wanda zai iya rubuta shafin da ajami ya ƙara lada, don dattawanmu da yawa shi suke karantawa. Ɗalibin da ya kasa bayyana bincikensa ga mahaifinsa a shafi ɗaya, ina shakkar ko shi kansa ya fahimce shi.

Yanzu bari in biya bashin da na ɗauka a farko. "Wani na gida" da Yaya ya ambata ni ne. Shekaru kusan arba'in da suka wuce na yi digiri na biyu a wata jami'a, kuma a ƙauyenmu na yi binciken, a kan jakuna da safarar taki. Gidaje ashirin na bi, na farkonsu gidanmu. Na ɗaure kwafi huɗu, na miƙa uku, na samu takardar shaida, na samu aiki, na yi aure. Ban taɓa zama na karanta wa ko mutum ɗaya daga cikin mutanen nan ashirin abin da na rubuta ba. Fiye da rabinsu sun riga mu gidan gaskiya. Shekarun baya na leƙa sashen da na yi karatu na tambayi kundin, aka ce an kwashe tsofaffin takardu lokacin wani gyaran gini, ba wanda ya san inda aka kai su.

Da na dawo Kano na buɗe tsohuwar adakar da ke ƙarƙashin gado, na sami kwafina. Gara ta ci gefen babi na huɗu, sauran yana nan. Ranar Juma'ar da ta wuce na koma ƙauye da shi. Yaron ya shimfiɗa shi a kan tabarma yana ɗaukar hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya da wayarsa, domin mu haɗa mu ɗora a rumbu, ni kuma na ɗauki alkawarin rubuta shafin Hausar da hannuna. Yaya ya ce kafin a kai wa duniya, a fara karanta masa wurin da aka yi maganar gonarsa. Na nemo jadawalin, gida na ɗaya, na fassara masa: yawan dabbobi, girman gona, mangalar takin da aka kai a shekarar.

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Mangala nawa ka ce?" Na maimaita. Ya girgiza kai. "A'a. Wannan ai shekarar da jakata ta mutu ce, na yi ta aron na maƙwabta. Ba rabin abin da na saba kaiwa ba ke nan. Ka rubuta haka aka ba ka digiri?" Na ce haka aka yi, Yaya. Ya ce wa ɗansa, "To, kai mai waya, ka bar wuri a ƙasan shafin nan. Baffanka zai rubuta gyara."